Yadda Gwanin Kafinta Ke Tafiyar da Falle

Buhun siminti kilo 50 ne, kuma ɗan dako yakan saɓa shi a kafaɗa ya haura bene yana amsa gaisuwa. Fallen MDF mai kaurin milimita 18 bai kai haka ba, bai fi kilo 40 da 'yan kai ba, gwargwadon kamfanin da ya buga shi. Amma a ba wannan ɗan dakon fallen, in bai saba ba, a ce ya shigar da shi shago daga bakin titi. Kafin ya yi taku goma ya daki ƙyaure, ko ya ɓare kusurwa, ko ya tsaya turus yana laluben inda zai sa hannu. Buhu ana rungumarsa, yana kwanciya a jikin mutum. Falle kuwa faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 8, ba shi da mariƙi, kuma hannun mutum ba ya kewaye shi.

Wannan awo, wato milimita 1220 da 2440, a Amurka aka fara sayar da filawud da shi a 1928, sauran duniya ta bi. Don magina aka yanka shi haka, ba a yi shawara da mai ɗauka ba. A Nijeriya an daɗe sunan Sapele ne ke zuwa baki in an ambaci filawud, saboda masana'antar African Timber and Plywood da ke can. Yau kuwa da yawa daga fallayen da ake saukewa a kasuwannin katako, irin su 'Yan Katako na Na'ibawa da na Rijiyar Lemo a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, daga ƙasar Sin suke shigowa. Kayan ɗakin amarya ma sun koma falle: gado, da wadirob, da madubi, da kabad ɗin kicin. Kafintan da ya tashi yana feƙe falanki ɗaya bayan ɗaya, yanzu rabin yininsa da manyan alluna yake kokawa, a shagon da ba a gina shi don su ba. Mai sayen kaya yana duba fenti da sheƙi, ba ya tambayar yadda fallen ya iso bakin zarto lafiya lau, ba ƙwarzane, ba ɓararriyar kusurwa, ba wanda ya tafi gida yana dafe da kwankwaso. Ni kuwa a wurina wannan ɗin gwaninta ce mai zaman kanta, kuma tana cikin abubuwan da ake gane tsohon hannu da su.

Abin da ke burge ni shi ne, in ka zuba wa gwani ido, da wuya ka ga ya ɗauki falle ɗauka ta gaske. Kullum akwai abin da ke ɗauke masa nauyin: ƙasa, ko bakin mota, ko gefen benci. Shi aikinsa ya nuna wa fallen hanya. Idan a-kori-kura ta tsaya a ƙofar shago, sabon yaro yakan kama fallen sama ya nemi ɗaga shi cak, sai ya ji ya ƙi, tamkar an manne shi da na ƙasa. Dalili kuwa babu iska a tsakaninsu, matsin iskar waje ne ke danne da shi. Gwani sai ya ɗan zame shi gefe, ya ɗaga kusurwa ɗaya har iska ta shiga, sannan ya jawo shi ta bayan motar. Yana barin rabi a kan mota har sai bakin gaba ya sauka a kan guntun katakon da ya riga ya ajiye, daga nan ya tayar da shi a kan gefensa. Wannan guntun katakon ba ƙaramin aiki yake yi ba. Kusurwar MDF ba ta jure kankare, dukan farko take dagargajewa. Kuma shi ne ke barin gurbin da yatsu za su shiga in an tashi ɗauka, su kuma fita in an sauke.

Da zarar falle ya tsaya a kan dogon gefensa, ya zama abin sarrafawa. Tsayinsa a haka mita 1.22 ne, bai wuce ƙirjin mutum ba, ana iya hangen gaba ta samansa, kuma zai wuce ta kowace ƙofa. In aka tsayar da shi a kan gajeren gefe, ya zama mita 2.44, ya fi yawancin ƙofofinmu tsayi. Akwai kuma awo na uku da sabon shiga ke mantawa da shi: daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta mita 2.73 ne. Duk wanda zai juya falle a kan kusurwarsa, wannan tsayin ne zai ratsa sama, kuma a nan ake fasa ƙwan lantarki, a tsinka waya, a daki fanka. Shi ya sa za ka ga Maigida ya ɗaga kai ya dubi rufi kafin ya taɓa komai. Ba addu'a yake yi ba, awo yake yi.

Hanyar ma a ido yake fara bin ta. Daga inda falle yake zuwa inda za shi, me ke ƙasa? Wayar inji, guntaye, robar gam, ƙusar da ta miƙe a jikin tsohon falanki. Dusar katako a kan sumul ɗin siminti santsi ne da ita, balle garin MDF da ya fi ta laushi. Kuma wurin saukewa a shirye yake tun kafin a ɗaga, domin mafi munin lokacin neman wurin ajiya shi ne lokacin da kaya ke hannu. Maganar takalmi kuwa, gaskiya ɗaya ce: silifa ba takalmin shago ba ne, ko da rabin kafintocin garin da ita suke yawo. Bakin falle mai kilo 40 in ya sauka a kan babban yatsa, duk nauyin a layi ɗaya siriri yake taruwa.

Mutum ɗaya yana iya tafiya da falle, kuma akwai kyan gani a yadda masana ke yi. Ya tsaya a daidai tsakiyarsa, ya durƙusa da gwiwa, bayansa a miƙe, hannu ɗaya ya shiga ƙarƙashi, ɗayan ya kama bakin sama don kada ya rinjaya. Sai ya miƙe da ƙarfin cinya, fallen na jingine a kafaɗarsa. In ya kuskure tsakiya da taƙi ɗaya, gaba ko baya zai riƙa nitsewa, tsintsiyar hannu ce za ta biya. In zai juya, ƙafafunsa ne ke juyawa, ba ya murɗa ƙugu da kaya a hannu. Wasu kuma suna da dabarar igiya, wadda ban ga abin da ya kai ta arha ba. Igiya ce mai tsawon kamar mita 6, a ƙulle bakinta biyu ta zama zobe, a saƙala ta a kusurwoyin ƙasa guda biyu, a kamo tsakiyarta. Nan take falle ya sami mariƙi, mutum ya ɗauke shi hannunsa a miƙe, ba sunkuyo. Wasu ƙugiya suke sa maƙeri ya lanƙwasa musu da guntun rodi, ta tallafi bakin ƙasa. Wasu su ɗaura ƙananan tayoyi biyu a guntun katako mai kwari a tsakiya, su ɗora falle su tura. A shagon da ke da wadatar fili har ƙaramin amalanke ake haɗawa, mai jingina a tsakiya, fallaye su kwanta masa ta ɓangare biyu. Kowane kafinta zai iya ƙera waɗannan da ragowar katako kafin azahar. Abin da ke hana wasu, a ganina, tsoron a ce sun gaza ne.

Wannan tsoron kuwa ba shi da tushe. Hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata a Birtaniya ta sa kilo 25 a matsayin ma'aunin abin da namiji zai ɗaga, shi ma in kayan na manne da jiki a daidai ƙugu. Cibiyar NIOSH ta Amurka kilo 23 ta ce, a yanayi mafi dacewa. Fallen MDF ya kusa ninka wannan, kuma ba ya taɓa zama a yanayi mafi dacewa. Filawud mai kauri ɗaya da shi ya fi sauƙi, yakan faɗa tsakanin kilo 25 da 35 bisa ga icen da aka yi shi da shi, amma faɗin dai ɗaya ne. Ciwon baya na kafinta ba a rana ɗaya yake zuwa ba. Tara shi ake yi tun ana saurayi, a karɓi sakamako ana da 'ya'ya a makaranta.

Ɗaukar mutum biyu ita ce asali, kuma a nan ne gwanintar ta fi fitowa, domin ta koma aikin fahimtar juna. Su biyun a gefe ɗaya na fallen suke tsayawa, da hannu iri ɗaya a ƙasa. In ɗaya na dama ɗaya na hagu, kowa zai riƙa karkato da shi wajen kafaɗarsa, sai su yi ta murɗa shi suna faɗa da juna ba su sani ba. Duka biyun gaba suke kallo, ba mai tafiya da baya. Kuma ba a ɗagawa sai da magana.

"Ka riƙe?"

"Na riƙe, Maigida."

"To, bismilla. Ɗaga."

Na gaba yana ganin hanya, shi ke cewa ga dakali, ga waya, shi ke kiran "Gafara!" ga masu wucewa. Na baya yana ganin fallen gaba ɗaya, shi ya san ko wutsiya za ta daki bango a kwana. Wajen saukewa ma sai an faɗa, domin in ɗaya ya saki kafin ɗaya, duk nauyin kan na biyun yake komawa lokaci guda, galibi yatsunsa na ƙarƙashi. Akwai wani abu a nan da nake jin daɗin gani. A al'adarmu yaron shago ba ya katse maigidansa, ba ya ba shi umarni. Amma in falle na hannu, yaro ɗan shekara goma sha biyar zai ce "Tsaya, Maigida, hannuna!" kuma dattijo ya tsaya cak, ba tare da ya ji an raina shi ba. Shagon da yaro ke jin nauyin faɗin haka, ya gwammace ya cije har kaya su suɓuce, maigidan ne bai gama koyar da sana'a ba.

Sai iska. Yawancin kafintocinmu rabin aikinsu a waje yake, a ƙarƙashin rumfa ko a bakin titi. Fuskar falle ta kusa murabba'in mita 3. Iska mai gudun kilomita 36 a awa, wadda ba ta kai a kira ta guguwa ba, in ta dake shi a fuska tana tura shi da ƙarfin kusan kilo 20, kuma ba ta sallama. Da hunturu, ko a irin iskar nan da ke share wa ruwan sama hanya da damina, gwani yana juya bakin falle ya fuskanci inda take fitowa, ta wuce ta gefe da gefe. In ta yi yawa sai ya jira. Wannan ne ma ya sa nake ɗari-ɗari da ɗaukar falle a ka, duk da na san 'yan dakon kasuwa sun ƙware a kai, da gammonsu, hannu biyu a sama. Tafiyar tana da sauri, gaskiya ne. Amma in iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga gaba, wuya ne ke karɓar murɗar, kuma wuya ba a yi masa ɗori.

Duk da haka, inda aka fi jin mummunan rauni ba wajen ɗauka ba ne. Wajen jingina ne. A shiga kowane shago za a ga fallaye a jingine da bango, goma, ashirin, kala-kala. Mai kaya ya zo ya ce shi wancan mai ruwan goro yake so, na can ciki. Sai a ce wa yaro ya tare na gaba, a riƙa buɗo su ɗaya bayan ɗaya ana jingina masa a ƙirji. Da farko ba ya jin komai, kuma rashin jin nan ne tarkon. Fallaye goma kilo 400 ne. Muddin suna tsaye kyam, ƙasa ce ke ɗauke da su, hannu ɗaya ya isa ya tare su. In suka karkato da digiri 10, abin da ke danna mai tare su daga sama ya kai kilo 35. A digiri 30 ya haura kilo 110. A digiri 45 ya zama kilo 200. Tsakanin na farko da na ƙarshe taku ɗaya ne da baya, kuma mutum in nauyi ya ƙaru masa, da baya yake ja ba tare da ya yi shawara ba. Kowane ja da baya kuwa ƙara musu karkata yake yi. Ga fuskar fallayen zamani da santsi, ƙafar ɗaya na zamewa sauran su biyo.

Maigidan da ya san aikinsa ba ya mai da mutum turke. In ana son na ciki, a kwashe na gaba ɗaya-ɗaya a jingine su a wani bangon, ko da zai ci minti goma, ko da mai kaya na duba agogo. Wanda ya fi haka tsari yakan kafa ginshiƙai masu ƙarfi daga ƙasa zuwa rufi, ya raba wurin gida-gida, kowane gida falle biyar ko shida, a zaro su ta gefe. In ɗaya ya rinjaya, ginshiƙi ne zai tare. Wasu kuma igiya ko sarƙa suke gittawa a gaban jerin. Jinginar kanta tana da ƙa'ida: ƙafar falle ta bar bango da kamar taƙi ɗaya. In ta matse bango, ƙaramin motsi zai kifo shi. In ta yi nisa, ƙafar za ta zame, kuma cikin fallen zai sake ya lanƙwashe, a zo yanka ƙofar wadirob a ga ta ƙi zama. Ƙarƙashi kuma dole a shimfiɗa katako, saboda siminti yana tsotso laima, MDF kuwa in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Mai fili ya kwantar da su a kan gungume uku ko huɗu masu tsayi ɗaya, shi ya fi. Kuma akwai doka guda da ake koya wa yaro tun makon farko, wadda ta saɓa wa abin da zuciya ke so: in jeri ya taho, kada ka tare, kauce. A irin makonnin nan na gab da azumi, da bukukuwa ke cunkushewa kowa na son kayan 'yarsa jiya-jiya, a lokacin ne ake take wannan doka, a lokacin ne kuma aka fi bukatarta.

Hawa benci wani wurin ne da dabara ke maye gurbin ƙarfi. Ba a ɗaga falle a kwance a ɗora. A kawo shi a tsaye, a jingina fuskarsa da bakin benci, wanda tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, ya zama kan fallen ya ɗan zarce. Sai a kama bakin ƙasa a ɗaga, fallen ya juya a kan bakin bencin, a tura shi ya kwanta. Tun daga rabin hanya benci ya karɓi yawancin nauyin. In fuskar mai ado ce, a sa tsohon bargo ko kwali a bakin. In kuma a kan wani fallen za a kwantar da shi, gwani yakan daidaita bakin ƙasa, ya janye yatsunsa, ya sake shi. Iskar da ke tsakani ce ke tare shi, ya sauka da ɗan huci, ba ƙara. Sai dai ya tabbata ba ƙwayar tsakuwa ko kan ƙusa a tsakani, domin ita kaɗai ta isa ta ja layi daga wannan baki zuwa wancan.

Cikakken falle a kan ƙaramin injin tebur haɗari ne tsantsa. In ya ɗan karkace, haƙoran baya na zarto su cafke shi su jefo shi kan mai turawa. Shi ya sa masu lura ke fara rage shi a ƙasa, a kan katakai huɗu, biyu a kowane gefen layin yanka, da zarton hannu mai lantarki, yadda in an gama babu ɓangaren da zai faɗi ya matse zarto. Mai tarba a bayan inji kuma tallafa kawai yake yi, ba ya ja. Yanzu da masu manyan injuna suka yawaita a kasuwannin katako, kafinta da yawa awonsa yake kaiwa a yanka masa a can, ya dawo da guntaye. Wannan ya rage wahala ƙwarai, sai dai bakin sabon yanka na falle mai sheƙi kaifi ne da shi, yana tsaga tafin hannu in aka bar shi ya zame. Safar hannu mai roba tana da amfani wajen ɗauka, amma a cire ta kafin a matsa kusa da zarto mai juyawa.

Siririn falle, irin na milimita 3 da ake rufe bayan wadirob da shi, nasa halin daban. Ba nauyi, amma yana rawa, yana karyewa in ya naɗe. Sai a ɗan lanƙwasa shi da gangan, lanƙwasar ce ke sa ya tsaya da ƙarfinsa.

Gilashi kuwa ba ya yafiya. Kowane murabba'in mita yana da kilo 2.5 a kan kowace milimita ta kauri, don haka madubin wadirob mai milimita 5, faɗi santimita 60, tsawo 180, bai wuce kilo 13 da rabi ba, yaro ma zai iya da shi. Amma a tsaye kaɗai ake ɗaukarsa. In aka kwantar da shi a hannu biyu, nauyin kansa na iya tsaga shi a tsakiya. Ana riƙe shi a gefen jiki, ba a ƙarƙashin hammata ba, ba kuma a saman ka ba, domin in ya fashe kada ya sauka a wuya ko a jijiyar hannu. Kafin a ɗaga, gwani yana duba bakinsa ko akwai 'yar tsaga, saboda daga nan take gudu. Kusurwarsa ba ta taɓa siminti, sai kan katako ko tsohuwar taya, kuma tsakanin madubi da madubi ana sa takarda ko kwali. Wanda aka jingine a shago kuma a ja masa gicciye da alli ko a manna masa takarda, don mai shigowa da sauri ya san akwai abu a wurin.